Haƙƙin Gari a Kan Baƙo: Tsokaci Game da Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma ba na tsammanin akwai mai ja da wannan magana a cikin masu karatun wannan mujalla tamu. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne, wa yake biyan kuɗin wannan ilmi? Matafiyi zai ce shi ne, tunda shi ya yanki tikiti, shi ya biya masauki. To, amma ina ganin akwai waɗansu mutane da suke biya tare da shi ba tare da an yi shawara da su ba, watau mutanen garin da ya je gani.

Manufar wannan 'yar muƙala ita ce ta amsa tambaya guda. Idan mutum ya zauna yana tsara tafiyar kwana biyu ko uku zuwa wani birni don buɗe ido, yana zaɓen inda zai kwana da wuraren da zai ziyarta, shin lissafin aljihunsa da na lokacinsa kaɗai yake yi, ko kuwa akwai haƙƙin waɗansu a cikin lissafin? Don kada maganar ta zama shaci-faɗi, zan ɗauki birni guda da lokaci guda in yi misali da su, watau birnin Benis na ƙasar Italiya, a lokacin kaka.

Birnin da Lokacin

Benis shi ne birnin da Larabawa suke kira Bunduƙiyya. Da wannan kalma kuma suke kiran makamin nan da mu Hausawa muka ari sunansa daga gare su muka ce bindiga. An gina birnin a kan ƙananan tsibirai 118 a cikin wani tafki mai haɗe da teku, gadoji fiye da 400 suka haɗa su. Babu mota a cikin tsohon garin. Duk abin da za a ci ko a sha, a jirgin ruwa ake shigo da shi, a amalanke a tura shi cikin lunguna, kuma ta haka shara take fita. A shekarar 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Kaka a wurinmu lokacin girbi ne da yalwa. A Turai kuwa watanni uku ne, Satumba da Oktoba da Nuwamba, lokacin da zafi ya wuce, sanyi bai kankama ba, ganyen itatuwa yana zuba. Matafiya suna son wannan lokaci domin cinkoso yakan ragu, kuɗin masauki kuma yakan sauka idan Nuwamba ta kama. Amma a Benis lokacin ne na abin da 'yan garin suke kira "akuwa alta", watau cikar ruwa, sa'ad da iskar kudu take turo ruwan teku cikin tafkin har ya hau kan tituna. Ranar 4 ga Nuwamba, 1966, ruwan ya kai santimita 194 a ma'aunin garin. Ranar 12 ga Nuwamba, 2019, ya kai 187, ya mamaye mafi yawan birnin. Tun daga Oktoba, 2020, akwai waɗansu manyan ƙofofin ƙarfe guda 78 da ake tayarwa daga ƙarƙashin teku su tare ruwan idan ya yi barazana, abin da ya rage barnar ƙwarai.

Sai dai akwai wani lissafi da ya fi na ruwa tayar da hankali. A shekarar 1951 mazauna tsohon garin sun kusa 175,000. A 2022 sun kasa 50,000. A 2023 kuma aka wayi gari gadajen da aka tanadar wa baƙi sun fi 'yan garin yawa. Gaskiya ce yawon buɗe ido bai kori mutanen nan shi kaɗai ba. Da yawa sun tashi ne saboda damshin tsofaffin gidaje, da neman aiki a masana'antun da ke kan tudu, da kuma tsoron ambaliya bayan ta 1966. Amma a shekarun baya-bayan nan, tsadar haya da ƙarancin gidan da ɗan gari zai kama suna cikin manyan dalilai.

Wane ne Baƙo?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san matsayin mai yawon buɗe ido. Ni dai a ganina baƙo ne, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin baƙunci. Ya ce baƙonka Annabinka, don ya nuna nauyin da ke kan mai masauki. Ya kuma ce baƙo raɓa ne, don ya tuna wa baƙon cewa zai wuce, masu gari za su zauna. Addini ma ya raba haƙƙin gida biyu. Ya inganta a hadisi cewa liyafar baƙo kwana uku ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba.

Wani zai ce ai wannan baƙon kyauta ne, wanda ya biya kuɗi kuwa mai saye ne. To, sai mu tuna da fatakenmu na dā. Falken da ya sauka a zangon Salaga ko Kumasi, ko a Sabo ta Badun, yakan sauka ne a gidan fatoma. Fatoma shi zai ba shi ɗaki da abinci, ya tsare masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan rigima ta taso, sa'an nan ya sami la'adarsa. Kuɗi sun shiga tsakani, amma falken bai daina zama baƙo ba. Yana ƙarƙashin sunan wani, in ya yi abin kunya an san ƙofar da za a buga.

Abin sha'awa, Benis ma ta yi irin wannan tsari. Tun a ƙarni na 13 ta keɓe wa fataken Jamus wani babban gida kusa da gadar Riyalto, inda dole su sauka su ajiye kayansu. A 1621 ta keɓe wa fataken Daular Usmaniyya nasu gidan, har da wurin salla a ciki. Sunan irin waɗannan gidaje "fondako", daga kalmar Larabci "funduƙ". Ba ina cewa tsarin adalci ne tsantsa ba, domin an yi shi ne kuma don sa ido da karɓar haraji, kuma wannan gari shi ne ya kulle Yahudawa a unguwa guda a 1516. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a dā gari ne yake faɗa wa baƙo inda zai kwana. Yau kuwa baƙo yana kwance a ɗakinsa a wata nahiya, ya danna waya, ya zaɓi gida a kowane lungu ya ga dama. Ikon ya bar hannun gari ya koma hannun baƙo, kuma duk inda iko ya koma, can alhaki yake binsa.

Zaɓen Masauki

Mai shirin zuwa Benis yana da hanyoyi kamar uku a gabansa.

Ta farko ita ce ya kama gida sukutum a cikin tsohon garin ta hanyar manhajoji irin su Airbnb. Wannan yana da daɗi, musamman ga iyali ko abokai, domin akwai madafa, akwai sakewa, kuma idan aka raba kuɗin yakan yi sauƙi. Amma mu duba ta wajen mai gidan. Sau da yawa abin da zai samu daga baƙi a cikin 'yan kwanaki yakan kai abin da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya za su biya shi a wata. Idan wa'adin ɗan haya ya cika, me zai sa ya sabunta? Iyali guda sun tashi ke nan. Idan iyalai suka yi ta tashi, mai burodin unguwa ya rasa masu saye sai ya rufe, kantinsa ya koma na sayar da tsaraba, makarantar firamare ta rasa yara, likita ya koma kan tudu. Wanda ya rage sai zaman ya ƙara yi masa wuya, shi ma ya fara tunanin tashi. Babu wanda ya yi niyyar mugunta a cikin wannan sarƙa, amma ga sakamakon.

Ta biyu ita ce ya ƙi kwana a garin sam, ya shigo da safe a jirgin ƙasa ko bas, ya fita da yamma. Wannan bai karɓe gidan kowa ba, amma yana da tasa illar. Masu irin wannan ziyara sukan zo lokaci guda, su bi hanya guda daga tasha zuwa Riyalto zuwa dandalin San Marko, su cika jiragen ruwan haya da 'yan gari suke shiga zuwa aiki da asibiti, su bar shara, alhali abin da suka kashe a garin bai taka kara ya karya ba. Saboda su ne hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 na shiga gari a ranar 25 ga Afrilu, 2024, a waɗansu ranaku 29 na wannan shekara. A 2024 da 2025 duk ranakun karɓar kuɗin sun faɗo ne tsakanin Afrilu da Yuli. Ke nan baƙon kaka doka ba ta tare shi a ƙofa ba, sai dai zuciyarsa.

Ta uku ita ce ya sauka a wurin da aka yi domin baƙi, kuma hukuma ta san da shi: ƙaramin otal, ko masaukin matasa, ko ɗaki a gidan da mai gidan yake zaune a ciki. Ban ce waɗannan ba su da tabo ba, domin otal-otal da yawa gidajen mutane ne a dā. Amma akwai ma'aikata da suke cin abinci a wurin, ana karɓar harajin kwana a miƙa wa gari, kuma akwai mutum mai rai da zai ce maka kada ka ja akwati da tsakar dare, maƙwabta suna barci. Wannan shi ya fi kusa da fatoma. Wanda aljihunsa bai kai ba, yana iya sauka a Mestire, garin da ke kan tudu, tafiyar kamar minti goma a jirgin ƙasa, muddin zai ba birnin kwanaki, ya ci abincinsa, ya kauce wa lokacin turmutsitsi.

A ra'ayina hanya ta uku ita ce ta baƙon kirki. Tambayar da ta kamata mutum ya yi kafin ya biya ita ce: gadon nan da zan kwanta, wa ya tashi daga kansa domin in samu?

Tsara Wuraren Ziyara

Haƙƙi na biyu yana cikin jerin wuraren da mutum zai rubuta. Yawancinmu idan muka tashi tsarawa, sai mu tara wurare goma sha biyar a yini ɗaya, don kada mu koma gida a ce ba mu je wuri kaza ba. Sai tafiyar ta zama tsere. A tsaya, a ɗauki hoto, a wuce. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma wannan bai kai gani ba. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen dā ya kasance. Duban da ake nufi na lura ne da ɗaukar darasi, kuma mai gudu ba ya lura.

Kaka kanta tana koya wa mutum rage buri. A watan Nuwamba rana takan faɗi a Benis kafin ƙarfe biyar na yamma, hazo yakan tsayar da jiragen ruwa, kuma dandalin San Marko, da yake yana cikin wurare mafi kwari a garin, shi ruwa yake fara hawa. Dole mai tsari ya duba jadawalin cikar teku, ya san ma'anar jiniyar da ake busawa, ya bar gurbi a cikin yininsa.

Da ni ne mai tsarawa, kwana uku zan ɗauka, kowane yini wuri biyu ko uku. Yini na farko, da sassafe kafin taro, fadar sarakunan Benis da babban cocin San Marko. Yini na biyu, kasuwar kifi da kayan miya ta Riyalto da safe, a tsaya gefe kada a tare wa masu cefane hanya, sa'an nan gidan fataken Usmaniyya wanda yanzu gidan tarihin halittu ne, da tsohuwar unguwar Yahudawa. Yini na uku, tsibirin Murano, inda aka mayar da masu narka gilashi tun 1291 don gudun gobara, da Burano ta masunta da masu saƙar leshi. Idan za a sayi tsaraba, a saya a hannun wanda ya yi ta. Wanda ya bi wannan tsari zai rasa wurare da yawa, amma zai raba nauyinsa a kan gari maimakon ya jibge shi a kan titi guda, kuma zai koma gida da abin faɗa wanda ya wuce hoto.

Akwai kuma sanin abin da ba na kallo ba ne. Ranar 21 ga Nuwamba ta kowace shekara 'yan garin sukan haye wata gada ta wucin gadi zuwa cocin da kakanninsu suka yi alwashin ginawa lokacin annobar 1630. Ranar ibada ce a wurinsu da tunawa da matattu. Baƙon da ya tarar da ita ya rage murya, ya ba da hanya, kamar yadda muke so a yi mana a filin idi. Haka kuma cikar ruwa. A 2019 duniya ta ga hotunan baƙi suna wasa da dariya a cikin ruwa, a daidai lokacin da masu kantuna suke kwalfe shi daga cikin dukiyarsu. Wanda ya mayar da musibar mai masaukinsa abin nishaɗi, ya fita daga sahun baƙi na gari.

Hujjojin Masu Musu

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Na farko zai ce, kuɗina na biya, ciniki ne na halal tsakanina da mai gida. Haka ne. Amma kuɗin nan ɗaki suka saya. Ba su sayi barcin maƙwabta ba, ba su sayi kujerar tsohuwa a jirgin ruwa ba, ba su sayi zaman unguwa ba. Ciniki yana iya inganta tsakanin mutum biyu, cutarsa ta faɗa kan na uku wanda ba ya wurin. Shi ya sa shari'a ta hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ko da mutum da kuɗinsa ya saya.

Na biyu zai ce, ai da baƙin nan garin yake rayuwa, ba ka ga halin da suka shiga a 2020 ba, lokacin da annobar korona ta hana tafiya? Wannan gaskiya ce, kuma shi ya sa ban ce kada a je ba. Dubban mutane, har da baƙin haure da suke wanke kwanuka da gyaran gadaje, da wannan sana'a suke ciyar da iyali. Amma shekarar 2020 ta nuna wani abu kuma, watau haɗarin garin da ya zuba ƙwansa duka a kwando guda. Baƙon da yake son garin ya ɗore zai so a ce akwai sauran mutane a cikinsa masu wata sana'a ban da yi masa hidima.

Na uku zai ce, ni mutum guda ne a cikin miliyoyi, zaɓina ba zai canza kome ba, gyara aikin hukuma ne. Lalle babban gyara na hukuma ne, kuma hukumomi sun fara motsi. A 2021 gwamnatin Italiya ta hana manyan jiragen ruwan shaƙatawa ratsawa ta gaban San Marko. A 2024 Benis ta taƙaita ayarin masu yawo zuwa mutum 25, a wannan shekara kuma magajin garin Basalona ta ƙasar Sifen ya ba da sanarwar cewa za a kawo ƙarshen lasisin gidajen haya na baƙi kimanin 10,000 nan da ƙarshen 2028. Amma wannan hujja ta "ni kaɗai" ita ce hujjar kowane mai zuba shara a kwata, kuma kwatar da haka take toshewa. Ba a tambayar mutum abin da miliyoyi suka yi, ana tambayarsa nasa ne.

Na huɗu, wanda ya fi taɓa ni, shi ne mai cewa wannan wa'azin masu kuɗi ne, talaka abin da ya fi araha yake bi. Amsata ita ce alhaki gwargwadon iko yake. Ba a ce ɗalibi ya kama otal mai tsada ba. Amma rage murya, da ba da hanya, da ɗauke shararka, da koyon gaisuwa biyu a harshen mutane, da neman izini kafin ɗaukar hoton mutum, duk ba sa cin ko kwabo.

Abin da Ya Shafe Mu

Wataƙila wani ɗan'uwa ya ce ina ruwanmu da Benis, mu da yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin sama ba? To, ya waiwaya ya dubi unguwannin da suke kewaye da jami'o'inmu. Mu ɗalibai baƙi ne a cikinsu, na shekara huɗu ko biyar. Sau nawa mai gida yake sallamar magidanci mai iyali, ya yanka gidan ɗaki-ɗaki ya ba ɗalibai, domin kuɗinmu sun fi tsoka? Ba mu da laifin neman wurin kwana, amma ya kamata mu san cewa zuwanmu yana da nauyi a kan waɗansu, mu kuma biya da ladabi da kyakkyawar maƙwabtaka. Haka nan idan hawan salla ya zo, baƙi suka cika garuruwanmu da na'urorin ɗaukar hoto, mun san bambancin wanda ya gaishe mu da wanda ya ɗauke mu kamar kayan gidan tarihi. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu ɗauke shi mu kai garin wani.

Kammalawa

A taƙaice dai, abin da nake ƙoƙarin nunawa shi ne, tsara tafiya aiki ne da ya shafi ɗabi'a, kuma tun a kan takarda ake yanke hukuncinsa, kafin a ɗaura kaya. Mai yawon buɗe ido baƙo ne ko da ya biya, kuma tunda yau shi yake zaɓa wa kansa masauki, nauyin da fatoma yake ɗauka a dā ya dawo kansa. Ya sauka inda bai tashi kowa ba, ya daɗe kaɗan maimakon ya yi wuf ya wuce, ya rage yawan wurare ya ƙara yawan lura, ya kashe kuɗinsa a hannun masu gari. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana, to idan 'yan garin suka ƙare, da wa za a ci?

Wannan ra'ayina ne gwargwadon fahimtata, kuma fili a buɗe yake ga 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu su yi gyara ko su kawo nasu a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu zama baƙin da za a yi kewarsu idan sun tafi, amin.